Goshin Ba'indiya a Tafin Hannuna

Wannan ba tatsuniya ba ce, ko da yake da bakin tatsuniya zan faɗe ta, don shi kaɗai aka koya mini. Ni tsohuwa ce a Madina. Ina 'yar ƙanƙanuwa iyayena suka taso da ni daga ƙasar Kano, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan mota, har muka ƙetare teku. A nan na yi wayo, a nan aka ɗaura mini aure, a nan na binne uwa da uba da miji. Na ɗauka na gama binne-binne, saura ni. Ashe da sauran 'yata.

Ita ce 'yar fari. Kun san halinmu da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a rungumarsa a gaban mutane, ba a yabonsa. Mahaifiyata ta zo da wannan kunya daga gida ƙulle a bakin zanenta, ta damƙa mini, ni kuma na riƙe ta da kyau. Har 'yata ta girma, ta yi aure, ta haifi tata 'yar, "ke" nake ce mata, ko "wannan". Larabawan unguwarmu ta Aƙiƙ suna mamaki, ni kuwa ina mamakin mamakinsu.

Ciwo ya kama ta a ciki, irin wanda ba ya jin magani. Aurenta ya mutu tun jikata tana goye, don haka su biyun suna tare da ni a gidan ɗana, ƙaninta, mai aikin ɗora kayan alhazai a filin jirgi. Aka kwantar da ita a wani asibiti can ta hanyar filin jirgin, bayan alamar haddin Harami, inda waɗanda ba musulmi ba suke iya zama su yi aiki. A nan na san wata Ba'indiya.

Nas ce, sista muke ce mata kamar yadda ake ce wa kowaccensu. Gajera ce, baƙa kusan kamar mu, da 'yar huda a hanci wadda ba ta sa komai a ciki in tana bakin aiki. Larabcinta karyayye ne, irin na ma'aikata, amma hannunta ya fi bakinta iya magana. Ita ke juya 'yata, ita ke goge mata baki, ita ke shafa mata mai a ƙafa. Ni kuwa ina can gefe a kujera ina jan carbi.

Wata rana ta tsaya a gabana ta riƙe ƙugu.

"Mama, ke uwarta ce ko maƙwabciya?"

"Uwarta ce ni."

"To me kike yi a can nesa kamar mai jiran mota?"

Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari. Ta saurara har ƙarshe, ta kaɗa kai irin kaɗawarsu da ba ka sanin e ce ko a'a.

"A garinmu saniya ma tana lasar ɗanta na fari," in ji ta.

Sai ta kamo hannuna ba neman izini, ta zuba mini mai a tafi, ta aza a kan ƙafar 'yata. 'Yata ta buɗe ido ta dube ni, ta yi 'yar dariya, ta ce, "Inna, yau kuma?" Rabona da taɓa ƙafar nan tun tana rarrafe.

Daga ranar muka saba. In 'yata ta samu barci bayan azahar, sista takan zauna a bakin gado ta miƙe ƙafa mu taɓa hira. Ta ga ina salla a kusurwa, ni ma na tambaye ta wa take kira in abu ya fi ƙarfinta. Ta dubi ƙofa, sannan ta zaro wani ɗan hoto daga bayan katin iƙamarta, wato na izinin zama a ƙasar, bai kai tafin jariri ba. Mace ce cikin jan zane a kan zaki, hannuwa birjik, kowanne da abin da ya riƙe: wannan takobi, wannan fure, wannan a buɗe kawai. Na yi a'uziyya a zuci, ban bari ta fito fili ba, don mai shafa wa 'yarka mai ba ka tofa mata a'uziyya a fuska.

"Wace ce?"

"Uwa."

"Uwar wa?"

"Uwar kowa. Tun ba a yi rana da wata ba tana nan. Duk abin da ke motsi, da ƙarfinta yake motsi. Ko allolinmu maza, in ba ita, ba mai iya ɗaga yatsa."

"Wannan kam ko a gidajenmu haka ne," na ce, "sai dai ba ma gaya musu."

Ta yi dariya har ta toshe baki. Ta ce sunayenta suna da yawa, ta jero mini wasu, ban riƙe ko ɗaya ba. Ta ba ni labarin wani aljani mai siffar ɓauna da ya gagari mazajen samansu, suka rasa yadda za su yi da shi, suka tattara makamansu suka miƙa wa mace, ita ta kashe shi. Ta ce ita ce mai shayarwa, kuma ita ce mai yanka. In annoba ta sauka ita ce, in ta ɗauke ita ce.

"To hannuwan nan fa, duk na mene ne?"

"Mama, da kina da ƙanana a gabanki, hannu biyu sun taɓa isar ki?"

Na ce mata Allah ɗaya ne, bai haifa ba, ba a haife shi ba, kuma tausayinsa ga bawa ya fi na uwa ga ɗanta. Ta ce, "Kin gani, ko ku da kuka tashi auna tausayi, uwa kuka ɗauko." Na ce ta mayar da hotonta kafin wani ya shigo. Muka bar zancen a nan, kowa da addininsa.

Ana nan ana nan, wata safiya da hantsi 'yata ta cika, ƙafarta a hannuna. Aka yi mata salla a Harami aka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Masu gaisuwa suna ce mini ta yi dace, ta samu maƙwabta na gari. Na ce haka ne. Haka ɗin ne kuwa, amma dace ba ya cika ɗaki.

Jikata tana shekara biyar a lokacin. Ba mu gaya mata ba. Mu ba ma gaya wa yaro mutuwa, cewa muke an yi tafiya. A gida Kano, in ji mahaifiyata, akan ce wa yaro uwarka ta tafi Makka. To mu nan Makka ba nisa gare ta ba, in ka faɗa wa yaro haka sai ya ɗauko takalminsa. Don haka aka kai ta gidan 'yan uwa a Bi'ir Ali har aka tashi zaman makoki, da ta dawo kawunta ya ce mata, "Mama tana asibiti, an mai da ita ɗakin sama, ba a barin yara su hau." Ta dube shi, ta dube ni, na gyaɗa kai.

Sai ta rufe baki. Ba rufewar magana ba, rufewar ci. Na dama kunun gyaɗa, ta kau da kai. Kawunta ya sayo gurasar tamis da zafinta, da dafaffen waken nan ful, ta ce, "Ma abga," wato ba na so. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa, kamar sauran yaranmu na nan. Na yi mata shinkafa da madara, na yi tuwo da miyar kuka, na yi lallashi, na yi faɗa, na yi wasan jika da kaka.

"Ƙawata, in ba ki ci ba zan cinye, in yi ƙiba in fi ki kyau."

"Ki cinye, Sitti," in ji ta, wato kaka.

Shayi kawai take kurɓa. Aka yi mata tofi a zamzam, ta sha ruwan ta bar dabinon. Awarwaron da ke wuyan hannunta ya riƙa zamewa har gwiwar hannu. Na binne 'ya, ga 'yar 'ya tana bin ta a hankali a gaban idona, ba zazzaɓi, ba tari. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, muka kwashe ta sai asibitin nan dai. Aka sa mata ƙarin ruwa. Likitan ɗan Kano ne, cikin waɗanda suka zo aiki daga Najeriya, ya rusuna ya gaishe ni da Hausa.

"Hajiya, na duba ciki da bai, babu ciwo. Yarinyar nan jira take yi. In ba ta ci ba, ruwan nan ba zai riƙe ta har abada ba."

Sista ta ji labari ta sauko daga sashinsu da 'yar kular abincinta. Ba ta ce wa kowa komai ba. Ta hau gadon ta naɗe ƙafa, ta buɗe kula, ta cuɗa shinkafa da romon wake da yatsunta, ta dunƙula 'yar loma. Jikata ta san ta, ta sha ganin ta a kan mahaifiyarta.

"Daga sama kika zo?" in ji yarinyar.

"Daga sama."

"Mama ta ci?"

Sista ta ɗago ta dube ni. Na roƙe ta da ido.

"Buɗe baki tukuna," ta ce wa yarinyar. "Ba a magana da yunwa."

Ta buɗe. Loma ɗaya, loma biyu, har ƙasan kula. Na juya fuska ga bango don kada su ga abin da idona ke yi.

A waje sista ta tare ni, ranta a ɓace.

"Ba ku gaya mata ba? A garinmu yaro da hannunsa yake sa wa uwarsa fure kafin a fita da ita."

"A namu ba a ɗora wa yaro gawa a ka. Ta ci a hannunki, shi nake nema. Ki taimake ni."

Sai ta ce in riƙa kawo ta.

Haka muka shiga yi. Kullum bayan la'asar ɗana in zai tafi aiki sai ya sauke mu a ƙofar gidan ma'aikata mata da ke bayan asibitin, don ita ba ta da ikon shigowa unguwarmu. Akwai wani benci a gindin dabino. Jikata takan zauna ta fuskanci benen asibiti, ta zaɓi wata taga a can sama ta ɗaga mata hannu, sannan ta buɗe baki sista ta ba ta. A gida ko loma ba ta ci. A bencin nan kuwa har takan ce a ƙara. Ɗana bai so ba.

"Inna, abincin mai bautar gunki fa ne."

"Nemo mini musulmar da za ta ci a hannunta, in bi ka yanzu."

Daga nan yakan sauke mu bai kashe mota ba.

A bencin na san ita ma uwa ce. Ta bar 'yarta wurin uwar miji tun da aka yaye ta, ta zo neman abin da za ta sa ta a makaranta. Tsarar jikata ce. In ta kira a waya aka nuna mata fuskar uwarta, sai yarinyar ta ɓoye a bayan zanen kakarta. Sista tana faɗa tana ƙoƙarin yi wa jikata kitso da ɗan matajin nan nasu na gashin siliki, har haƙoransa suka karye.

"Wannan gashi ko zakin Uwa ba shi da irinsa," in ji ta.

"Ki bar shi, ba a shiga gonarmu da lauje irin naki."

Kwanci tashi kumatun yarinya suka fara dawowa. Sai kuma na lura ita sistar ke ramewa, ba ta ko ɗanɗana abin da take ba ta. Na tambaya. Ta ce azuminsu ne ya kama, na dare tara, na Uwa. Ta ce a ƙarshensa akan tara 'yan mata ƙanana waɗanda ba su yi wayo ba, a dafa musu abinci mai daɗi, a ba su kyauta.

"A gida da tsakar gidanmu ya cika da su, da surutu, da ɓarin abinci. Nan ba ni da ko ɗaya sai wannan. Ki kawo mini ita da safe, ranar ba ni da aiki. A ɗakina, ba a benci ba."

Ni kuwa sai na ji abin ya zo mini kamar na gida. Mahaifiyata in ta yi mafarkin da bai yi mata daɗi ba, ko ta tuna mamatanta, takan daka gumba ta leƙa lungu ta kira yara. Takan ce yaro ba shi da zunubi, abin da ya ci yana isa inda aka nufa. Ni ma na gada, har yau nakan yi ranar Juma'a. Na ce wa sista, "Ai mu ma muna yi. Sadakar yara ke nan." Na san don Uwarta za ta yi, amma na ce a raina niyya tata ce, abinci kuma abinci ne, yarinyar kuwa dama kullum a hannunta take ci. Har na goge mata rigar salla, na sa mata kwalli, na ƙulla dabino a leda don kada mu je hannu rabbana.

Ɗakin ƙarami ne, gado biyu, abokiyar zamanta ta fita. Ƙamshin man shanu da turare ya cika shi. Ta buɗe ƙofar kabad ɗin kayanta, a ciki ga hoton nan an jingine, ga 'yar fitilar mai tana ci, ga wani ɗan kasko da ta shuka sha'ir ya tsiro kore shar. Na kau da ido na zauna a kujera kusa da ƙofa. Ita kuma ta yi wanka ta ɗaura jan zane, ta sa ɗan zinare a hancin nan. Ban taɓa ganin ta da kyau haka ba.

Ta zaunar da jikata a bakin gado, ta kawo faranti da ruwa, ta cire mata takalmi ta wanke mata ƙafa, yatsa bayan yatsa, ta goge da gefen zanenta. Na ce a raina karrama baƙo ne. Ta ɗaura mata jan zare a wuyan hannu. Na ɗaure fuska, amma na bari. Ta yafa mata ɗan jan gyale mai ƙyalƙyali, ta dangwala mata jan abu a goshi. A nan gabana ya fara faɗuwa. Sai ga abinci: alawar alkama mai man shanu, da 'yan gurasa soyayyu masu kumbura kamar fanke, da wake irin na balilar da Larabawa ke dafawa, amma baƙi. Yarinya ta huda gurasa da yatsa, iska ta fita, ta ƙyalƙyale da dariya. Rabona da jin dariyar nan tun uwarta tana tafiya da ƙafarta. Na ce wa zuciyata ta zauna, saura kaɗan mu tafi.

Da ta cinye, sista ta durƙusa a gabanta. Ta haɗa tafukanta, tana magana ƙasa-ƙasa da harshensu, hawaye na bin kumatunta. Sannan ta dafa ƙasa, ta fara sunkuyar da kai, goshinta yana nufin ƙafar jikata.

Gwiwoyina sun daɗe da daina yi mini biyayya, amma ban san lokacin da na bar kujerar ba. Goshinta bai sauka a ƙafar yarinya ba. A tafin hannuna ya sauka, da ɗuminsa da danshinsa.

"Mama, ɗauke hannunki," ta ce, kanta na ƙasa. "Kaɗan ya rage."

"Ba a yi wa ɗan adam sujada. Ba a gabana ba, ba ga jinina ba."

"Ba ita nake yi wa ba. Yau Uwa tana cikinta. Duk 'yar da ba ta yi wayo ba, yau Uwa ce."

"Wannan yarinya ce. Jiya ma ta jiƙa mini shimfiɗa."

"Na yi azumi, Mama. In ban taɓa ƙafarta ba bai cika ba. Don 'yata na yi shi, don ta gane ni ranar da na koma. Ban taɓa roƙon ki komai ba."

Gaskiya ta faɗa, ba ta taɓa ba. Ta danna goshinta, na danna hannuna. Mata biyu a durƙushe, kowacce tana tsoron abin da take bauta wa. Ta sake cewa Uwa tana cikinta, ta sake, har raina ya tashi.

"Babu wata uwa a cikinta," na ce. "Marainiya ce. Uwa ɗaya gare ta, ita ma tana Baƙi'a, ƙasa ta rufe ta."

Da Larabci na faɗa, don Ba'indiya ta ji. Larabci kuwa shi ne harshen jikata. Magana zarar bunu ce.

Yarinyar ta san Baƙi'a. In mun fito daga Harami ta gefen katangarta muke bi, tana korar tantabaru, ni na koya mata yi wa na ciki sallama, ni na gaya mata kakanta, Jaddi da Larabci, yana can kuma na can ba sa fitowa.

Sista ta ɗago kanta.

"Sitti," in ji jikata, "Baƙi'a ta wurin tantabaru?"

"E, ƙawata."

"Inda Jaddi yake?"

"E."

Ta kalli yatsun ƙafarta.

"To wa nake ɗaga wa hannu a taga?"

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi mini. Ta cire jan gyalen ta ninke shi yadda ta ga ina ninke darduma, ta ajiye a gado. Ta sauko ta sa takalminta da kanta, na dama a hagu, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Mu tafi gida."

A gida kawunta ya ga zaren da jan goshin. Na gaya masa komai. Ya ɗauko almakashi ya yanke zaren, ya ce ƙafar yarinyar nan ba za ta sake taka wurin ba. Ban yi musu ba, hankalina ba a can yake ba. Hannu ɗaya ne tak a duk Madina da take karɓar abinci daga gare shi, ga shi na raba su. Ranar ko shayin ba ta kurɓa ba. Ta kwanta ta juya mini baya. Na zauna a kan darduma ina cewa, ya Rabbi, don kai na sa hannuna, kada ka karɓi yarinyar nan a bakin haka.

Washegari ina dama kunu sai na ji motsi a bayana. Ta jawo 'yar kujera ta zauna.

"Akwai tamis?"

Na gutsuro, na tsoma a shayi, na kai bakinta. Ta kau da kai, ta karɓa da hannunta. Ta ci. Ta tauna a hankali tana kallon bango, kamar mai shan magani. Da rana ta ci, da yamma ta ci. Wadda take jira ba za ta zo ba, jiran ya ƙare. Bayan kwanaki, da kawunta ya fita, na raɗa mata, "Mu saci jiki mu je gaida sista?" Ta dube ni da idon da ya girme ta, ta ce, "Don me?"

Ni kaɗai na tari tasi na tafi bayan la'asar. Tun daga nesa na hango ta a benci, kula a cinya. Mai gadin ƙofa ya ce kullum haka take fitowa ta zauna har a kira magariba. Ta leƙa bayana ta ga ba kowa.

"Ba ta da lafiya?"

"Lafiyarta ƙalau. Tana ci."

"A hannun wa?"

"A hannunta."

Ta rufe ido, ta daɗe. Sannan ta ce, "Alhamdu lillahi," da Larabcinta karyayye, ta ajiye kular a gefe, ta rasa inda za ta sa hannuwanta.

Na zauna kusa da ita. Na tambaye ta azuminta. Ta ce yana nan, bai cika ba, bai kuma karye ba. Ta ce sha'ir ɗin nan da ta shuka a ruwa mai gudu ake sakin sa in an gama, ta tambaye ni ko akwai kogi a garin nan. Na ce kwarin Aƙiƙ ne kawai, shi ma sai an yi ruwan sama yake gudu, kuma ko yana gudu ba zan iya ɗaukar mata wannan ba. Ta ce ta sani.

"Da za a sake, Mama, za ki sake sa hannun?"

"Zan sake."

Ta kaɗa kai irin kaɗawar nan.

"Ni ma zan sake sunkuyawa."

Muka riƙa kallon motocin alhazai suna wucewa daga filin jirgi. Can ta ce a wasu garuruwansu, ranar ƙarshe akan raka Uwa bakin kogi. Mata su sa mata alawa a baki kamar 'yar da za ta koma gidan miji, su yi ta kuka, suna ce mata ta dawo baɗi. Kuma tana dawowa, kowace shekara.

"Taku fa?" ta ce.

"Tamu ba ta dawowa. Mu ne masu zuwa."

Ta kama hannuna, wannan hannun dai, ta riƙe a cinyarta har aka kira salla. Na ce zan tafi. Ta ce in gaida mata yarinyar, in kuma gaisuwar za ta dame ta in bar ta a wurina. Na bar ta a wurina.

Ban sake ganin ta ba. Da na koma bayan wasu watanni aka ce wa'adin aikinta ya cika, ta tafi ƙasarsu. Ban san ko 'yarta ta fito daga bayan zanen kakarta ba. Ina roƙa mata shiriya a sujadata, ina kuma roƙon 'yarta ta gane ta, ko da yake ban tambayi malami ko ya halatta in haɗa su a addu'a ɗaya ba.

Jikata ta rayu. Yanzu ta kai ni kafaɗa, tana makaranta, ba ta zaɓen abinci, duk abin da aka ajiye ta ci ta wanke farantinta. Mutane suna cewa na yi tarbiyya. Amma in na ce mata ga kaza ya faru, ko da cewa na yi an ɗauke ruwan famfo, ba ta musu, sai ta tashi ta je ta murɗa ta gani da idonta. Ni kuma in zauna in jira ta dawo.